Kafin Sunayen Suleja Su Fito: Aikin da Ke Gaban Iyaye a Lokacin Jira

Yaro ya zauna jarrabawar shiga makarantar masu hazaƙa ta Suleja, ya dawo gida da fensiri da guntun magogi a aljihu, an tambaye shi yaya ta kasance ya ce da sauƙi. Daga wannan rana gida ya shiga jira. Uwa na duba waya bayan kowace sallah, uba na tambayar duk wanda ya ji yana da wani a ma'aikatar ilimi. Makonnin nan da ke tsakanin jarrabawa da fitar sunaye ba na zaman jiran tsammani ba ne. A cikinsu ne iyaye da yawa ke rasa kujerar da ɗansu ya ci da guminsa, saboda takarda guda da ba a gyara ba, ko lambar waya da ba tasu ba.

Maganar a nan kan makarantar yara masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya ce da ke Suleja a jihar Neja, wadda sunanta a takarda Federal Government Academy. An kafa ta a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, makarantar kwana ce ta maza da mata, tana ɗaukar yara daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare har su gama. Mafi yawan abin da za a faɗa ya shafi duk wata makaranta irinta, kamar ta Bamaina a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, wadda gwamnatin Jigawa ta gina a zamanin Sule Lamido.

Wane ne ke yanke hukunci

Hannu uku ne a cikin lamarin, kuma rashin bambance su ke sa iyaye yawon banza. Hukumar NECO, mai hedikwata a Minna, ita ke shirya jarrabawar, ta duba takardu, ta fitar da maki. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ita ke da makarantar, ita ke sanar da fitowar sakamako da ƙa'idar ɗauka. Makarantar kuma ita ke karɓar yaro, ta tantance takardunsa, ta ba shi gado da aji. Matsalar maki ko kuskuren suna a rajista ta NECO ce, kuma hukumar na da ofis a kowace jiha. Matsalar ranar zuwa da kayan da za a kawo ta makaranta ce. Wanda ya ɗauki kuskuren suna ya tafi da shi ƙofar makaranta a Suleja, kuɗin motarsa kawai ya ɓata.

A 'yan shekarun nan akan sanar da sakamakon Suleja tare da na jarrabawar shiga sauran makarantun tarayya, wadda muka fi sani da kwaman, a tsakiyar damina, domin a samu lokaci kafin buɗe makarantu a watan Satumba. Jarrabawar biyu ce daban, rajistarsu daban. Yaron da aka yi wa rajistar kwaman kaɗai bai nemi Suleja ba, komai yawan makinsa.

Abu na gaba da ya kamata ya zauna a zuciya: fitar maki ba shi ne ɗauka ba. Irin wannan jarrabawa ba ta ci ko faɗuwa ba ce, ta jeri ce. Ana jera yara daga mafi yawan maki zuwa ƙasa, a ƙirga kujerun da ake da su, a ja layi. Yaro na iya samun makin da a makarantarsu za a yi masa tafi a gaban taro, amma layin ya faɗa samansa da maki biyu. Don haka kada a yanka kaza ranar da aka ga maki, kada kuma a yi zaman makoki. A jira jerin sunayen waɗanda aka ɗauka.

Takardu, tun yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar sunaye sun fito, wa'adin da ake bayarwa gajere ne, ofisoshin da ke ba da takardu kuma ba sa sauri don kai kana sauri.

A fara da takardar rajistar jarrabawa, mai hoton yaro da lambarsa. Wannan lamba ita ce mabuɗin komai. A rubuta ta da biro a wuri biyu, a ɗauki hoton takardar da waya, a yi mata fotokwafi. Tawadar da ake bugawa a shagunan intanet takan dushe, ɗigon ruwa ɗaya kan shafe lamba uku. Sannan a koma wurin wanda ya yi rajistar, ko mai shago ne ko malamin makaranta, a tambaye shi kai tsaye: wace lambar waya ka sa, wane adireshin imel? Masu shago da yawa lambarsu suke sawa saboda sauri. Idan saƙo ya zo, wayarsa zai shiga, tsakanin saƙonnin yara hamsin, shi kuma wataƙila ya tafi gona. A karɓi sunan shiga da kalmar sirri a rubuce, idan an buɗe asusu da su.

Sauran takardun da ake nema kusan a kowace makarantar tarayya su ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da ake kira indijin, takardar shaidar kammala firamare daga hedimasta, rahoton likita, da hotuna ƙanana na fasfo. Katin da asibiti ke bayarwa ranar haihuwa ba shi ne takardar haihuwa ba, sai an kai shi ofishin hukumar an karɓi ta ainihi. Idan yaro ba shi da lambar NIN, yanzu ne lokacin yi masa. Hoto a wanke goma sha biyu iri ɗaya, na kwanan nan. Kowace takarda a yi mata kwafi biyar. Na ainihin a sa su a jakar roba mai zif, kada a manne su da leda mai zafi, domin wasu ofisoshi na ƙin takardar da ba za su iya taɓa hatiminta ba.

Yanzu a shimfiɗa su duka a kan tabarma, a karanta suna harafi bayan harafi. Nan ne ciwon yake, musamman a gare mu. Takardar haihuwa ta ce Muhammad, rajistar jarrabawa ta ce Mohammed, hedimasta ya rubuta Muhd. Aisha a nan, Aishatu a can. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata kuma sunan gari. A gida duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke tantancewa bai san gidanku ba, takarda yake karantawa. Idan kuskuren daga makarantar firamare ne, a koma wurin hedimasta kafin a tafi dogon hutu, ya sake rubutawa daidai da takardar haihuwa. Idan daga rajistar jarrabawa ne, a je ofishin NECO na jiha da takardar haihuwa da wasiƙar hedimasta. Idan bambancin ya yi yawa, a yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen duk na yaro ɗaya ne. Ƙa'idar ita ce komai ya bi takardar haihuwa.

Ranar haihuwa ta fi suna tsanani. Suleja na son ɗan ajin ƙarshe na firamare, kuma tana da iyakar shekaru, wadda aka saba sawa a shekara 11. A karanta sanarwar shekarar da kyau, saboda watan da ake ƙirgawa daga gare shi yana da muhimmanci. Kada a yarda da mai cewa a kawo a rage wa yaro shekara. Ƙarya ce da za ta bi shi har jami'a da wurin aiki, sannan yaron ya san ranar haihuwarsa, kuma ya ga abin da iyayensa suka yi.

Indijin ma a kula da shi. Iyalin da ke zaune a Kano shekara ashirin amma asalinsu Katsina, dole jihar da aka rubuta a fom ta zama ita ce a takardar ƙaramar hukuma. Ana la'akari da jiha wajen rabon kujeru a makarantun tarayya, shi ya sa ake bin wannan takarda da ido sosai.

Rahoton likita a yi shi a asibitin gwamnati. A duba rukunin jini, a yi gwajin sikila a san ko yaro AA ne, AS ko SS, a gwada idonsa. Yara da yawa masu kaifin ƙwaƙwalwa sun yi shekaru suna zama layin gaba ba wanda ya lura ba sa ganin allo daga nesa. Idan akwai asma, sikila, farfaɗiya ko abincin da jikinsa ba ya karɓa, a rubuta a fili. Ɓoye ciwo don tsoron kada a ƙi yaro ganganci ne: ma'aikaciyar jinyar da za a tasa da ƙarfe biyun dare tana bukatar sanin abin da ke gabanta.

Masu kiran waya

A wannan lokaci ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Kira zai shigo, murya a natse: “Ranka ya daɗe, da mahaifin wance nake magana? Daga ma'aikata ne. Yarinyarka ta yi ƙoƙari, saura kaɗan ta shiga, amma akwai yadda za a yi kafin a rufe jerin gobe.” Ya san sunan yarinyar, ya san cibiyar da ta zauna jarrabawa. Wannan ba hujja ba ce. Irin waɗannan bayanai na yawo daga shagunan rajista da takardun da aka manna a bango.

Alamominsa ba sa canzawa: gaggawa, sirri, da asusun banki mai sunan mutum. Kuɗin da ake biyan hukumar tarayya ta tsarin biyan kuɗin gwamnati na intanet irin su Remita yake bi, da lambar biya da rasit, zuwa asusun gwamnati. Babu jami'in da aikinsa ya ba shi damar karɓar kuɗin ɗauka a asusunsa. Haka jerin sunayen da ke yawo a WhatsApp da Facebook: wani na bara ne aka canza masa shekara, wani kuma an ƙirƙira shi don a ja mutane zuwa shafin da za a nemi lambar katinsu. Sakamako a duba shi a shafin NECO da hannunka, ko a ofishinsu, ko ta hedimasta. Amsar da za a ba mai kira ɗaya ce: “Na gode, Malam, zan zo ofis da kaina.” Daga nan ba za ka sake jin sa ba. Wanda aka riga aka karɓe wa kuɗi ya ajiye rasit da lambar wayar, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.

Kujera ta biyu

Makaranta ɗaya ce ga jihohi 36 da Abuja. Duk mai hankali zai tanadi wani wurin, kuma yin haka ba rashin tawakkali ba ne.

Idan yaro ya zauna kwaman, to akwai makarantun tarayya sama da 100 a ƙasar, da dama a kusa da mu: Kano, Kaduna, Daura, Azare, Sakkwato, da na 'yan mata a Kazaure, Minjibir, Bakori, Zariya da Gusau. Ma'aikatar ta sha bayyana rabon ɗauka a waɗannan makarantu: kashi 60 cikin ɗari bisa maki, kashi 30 bisa daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 bisa larura. Ma'anarsa yaron da bai shiga ta ƙofar farko ba yana iya shiga ta ƙofar jiharsa. A bi wannan sakamakon da irin himmar da ake bin na Suleja.

Idan makarantar kuɗi ce madadin, a nan ake asara. Makarantu masu zaman kansu na neman kuɗin kama wuri tun kafin sunayen tarayya su fito. A je wurin shugaban makarantar a faɗa masa gaskiya: muna jiran Suleja, mene ne mafi ƙarancin abin da za mu biya a riƙe mana kujera, zuwa wace rana, kuma nawa za a mayar idan muka janye? A sa ya rubuta a bayan rasit, ya sa hannu. Kada a ɗinka musu yunifom ko a sayi littattafansu tukuna. Idan makarantar gwamnatin jiha ce madadin, a tabbatar sunan yaro na cikin waɗanda firamarensu ta tura, kada a ce ai shi Suleja za shi, a tsallake shi.

Yaron da ake jira dominsa

Manya na manta cewa yaro ma jira yake, kuma nasa ya fi nauyi, domin yana ganin shi ne zai faranta wa gida ko ya kunyata shi. Ɗan shekara goma da kullum ake gabatarwa ga baƙi da “ga ɗan Sulejanmu” an ɗora masa kayan da wuyansa bai kai ba. A daina sanar da dangi. A roƙi kakanni da gwaggonni su daina tambayarsa. Sau ɗaya ya isa uba ya zaunar da shi ya ce: “Abba, ka yi naka, kuma mun gani. Kujerun kaɗan ne, masu nema da yawa. In an ɗauke ka, alhamdulillahi. In ba a ɗauke ka ba, ga makarantar da za ka, ita ma mun je mun gani.” Idan akwai yaya ko ƙane da bai kai shi karatu ba, a kiyaye harshe, kada a mayar da ɗaya ma'aunin ɗaya.

A lura da alamun damuwa: ciwon ciki da safe ba dalili, rashin barci, fushi kan abu kaɗan, komawa fitsarin kwance. Maganinsu rage maganar ne, ba ƙarin nasiha ba.

Karatu kada ya tsaya, amma a sauya masa fuska. Tambayoyin jarrabawar baya sun gama aikinsu, a ajiye su. Abin da zai amfane shi a kowace makaranta shi ne Turanci, domin da shi za a koyar da komai, abokan ɗakinsa kuma daga kowane sashe na ƙasa suke. Minti talatin a rana ya karanta littafin labari da ƙarfi, sannan ya ba da labarin da bakinsa, da Turanci sau ɗaya, da Hausa sau ɗaya. Yaranmu da yawa na cin lissafi su kuma ci tambayar zaɓi, amma a ce su yi bayani da baki sai murya ta maƙale. Idan aka kira su ganawa ko tantancewa, wannan atisaye ne zai fi taimakonsa. Lissafi kuwa a ba shi na gaske: ya riƙe lissafin cefane na mako, ya auna ɗaki da tef ya fitar da faɗinsa. Islamiyya ta ci gaba kamar kullum.

Akwai kuma darasin da babu shi a jarrabawa, wanda shi ke kayar da yara masu hazaƙa a zangon farko: kula da kai. Yaro na iya warware lissafin aji uku a sama da shi amma bai taɓa wanke safarsa ba. Daga wannan mako ya fara wanke kayansa da hannu, ya shanya, ya goge, ya gyara gado, ya ɗaura gidan sauro shi kaɗai, ya yi wanka da bokiti ɗaya, ya tashi sallar asuba da agogo ba tare da an tashe shi ba. A ba shi ɗan kuɗi na mako a ga yadda zai raba. Ya haddace lambar waya biyu. A tura shi ya kwana uku ko huɗu a gidan kawu, a ga yadda zai jure kewa. 'Ya mace mahaifiyarta ta yi mata bayanin al'ada tun yanzu, ta nuna mata yadda ake amfani da audugar mata, domin yarinya da yawa a makarantar kwana abin ke fara zuwar mata. Namiji da mace duka a gaya musu a fili cewa ba wanda ke da ikon taɓa jikinsu, babba ko ɗan aji sama, kuma duk abin da ya faru su faɗa, ba za a yi musu faɗa ba. Mai fitsarin kwance a kai shi likita yanzu, kada a bari ɗakin kwana ya gano.

Idan bayan duk wannan iyaye suka ga yaron bai kai zaman kwana ba, musamman wanda aka tsallakar da shi aji ya gama firamare da wuri, to wannan ma sakamako ne, kuma ya kamata a saurare shi.

Ranar da sunaye suka fito

Idan sunansa na ciki, a buga takardar ɗauka a ranar, a karanta ta sau biyu, a ja layi ƙarƙashin kowace rana da aka ambata. Wa'adin karɓa ba wasa ba ne, kujerar da ba a zo an kama ba akan ba wani. Gwamnati ke ɗaukar babban nauyin karatu a makarantar, amma iyaye ba sa rasa kashe kuɗi: kayan kwana, sufuri, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ziyara. Sayayya sai an ga jerin kayan makarantar, saboda launin zanen gado, irin takalmi da girman akwati duk suna da ƙa'ida, abin da ya saɓa kuma a bakin ƙofa ake mayar da shi. Kowane kaya a rubuta masa suna da alƙalami marar gogewa, bokiti da cokali ma, tufafi kuma a ɗinka sunan da zare a cikin wuya.

Mai tasowa daga Kano ko Katsina zai bi Zariya, Kaduna, Kateri, Jere, Tafa, ya karya a mahaɗar Dikko. A tashi bayan asuba, a isa da rana, a bar tafiyar dare a wannan hanya. Wanda ya fi son jirgin ƙasa ya hau a Rigasa ya sauka a Kubwa, ya ƙarasa da mota ta Zuba da Madalla. Baƙunta ba za ta yi yawa ba: Suleja garin Zazzagawa ne na asali, ita ce tsohuwar Abuja kafin a ba babban birni sunan, kuma har yau sarkinta Sarkin Zazzau ake ce masa. A wurin, a karɓi lambar malamin ɗakin kwana da ta malamin aji, a ga ɗakin shan magani da ido, a tambayi ranakun ziyara da yadda ake sanar da iyaye idan wani abu ya taso.

Idan sunansa ba ya ciki, iyaye su fara haɗiye nasu ɓacin ran a ɗaki kafin su kira shi. A faɗa masa a ranar, daga bakin uwa ko uba, kada ya ji a wurin abokai. Kada a ce an yi maguɗi, kada a ce da ka ƙara himma. In ya yi kuka a bar shi ya yi. Washegari a ɗauke shi a je makarantar da aka tanada, ya ga ajinsa. A tambayi makarantar Suleja ko ofishin ilimi ko akwai jeri na biyu, a tambaya sau ɗaya ta hanyar da ta dace, amma kada a hana yaro fara karatu a wani wuri saboda jiransa.

A sabuwar makarantar, a mako na biyu ko na uku, a sami malamin lissafi ko na kimiyya a ce masa: “Malam, yaron nan yakan gama aiki da wuri, in ya zauna haka sai ya fara surutu. A taimaka a riƙa ba shi abin da ya fi wuya, ba ƙarin irin wanda ya gama ba.” A nemi a sa shi cikin gasar kacici-kacici da muhawara. Ƙofa ta gaba kuma tana ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da makarantun kimiyya na jihohi ke ɗaukar ɗalibai da tasu jarrabawar, irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta buɗe a 1977. A rubuta shekarar da yaron zai kai aji uku a cikin jakar takardun nan, a fara tambayar fom tun zangon farko na wannan shekara.